Ranar da 'Yan Makarantar Soweto Suka Ce A'a

'Yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu, ko kun san dalilin da ya sa ake kiran 16 ga Yuni Ranar Yaran Afirka? To, asalin abin daga Afirka ta Kudu ne.

A 1948 Turawa 'yan tsiraru suka kafa mulkin wariyar launin fata a can. A 1953 suka yi dokar da ta ware wa 'ya'yan baƙaƙe ilmi maras inganci, don su ƙare a leburanci. Sa'an nan a 1974 aka ce tilas a koya musu lissafi da waɗansu darussa da Afirkans, harshen masu mulki, wanda malamai da yawa ma ba su iya sosai ba. Yaya yaro zai ci jarrabawa da harshen da ba ya ji?

Tura ta kai bango. Ran 16 ga Yuni 1976 dubban 'yan makaranta suka fito zanga-zanga a Soweto, kusa da Johanasbag. 'Yan sanda suka buɗe musu wuta. Cikin waɗanda suka fara faɗuwa akwai Hector Pieterson, ɗan shekara 12. Tarzoma ta bazu, ɗaruruwa suka mutu, ala tilas gwamnati ta janye dokar harshen.

Mulkin wariya bai faɗi ba sai 1994, da aka zaɓi Nelson Mandela shugaban ƙasa, amma yaran nan sun girgiza shi. Saboda haka a 1991 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta keɓe musu ranar. Ilmin da muke wasa da shi, waɗansu da jininsu suka neme shi.