LAƘABIN ADIRESHI DA TSARIN ASALI A UWAR GARKEN INTANET

Kowane shafi na intanet yana ajiye ne cikin wata kwamfuta da ake kira saba, watau uwar garke. Idan mutum ya rubuta adireshi, manhajar da ke cikinta, kamar Apache wadda ta fito a 1995 ko nginx ta 2004, ita ke nemo fayil ɗin ta miƙa masa. Da yake neman aiki da biyan haraji da duba sakamakon jarrabawa duk sun koma intanet, wajibi ne masu kula da waɗannan na'urori su kiyaye abubuwa biyu, domin kada jama'a su sha wahala, kada kuma asirin ofis ya tonu.

LAƘABIN ADIRESHI

Kamar yadda mutum kan yi suna da laƙabi, haka fayil yake. Mai yiwuwa takardar tana can cikin jaka mai dogon suna, amma da umarnin Alias na Apache sai a ba ta gajeren suna, misali /fom, wanda kowa zai iya riƙewa. Mai nema ba ya ganin ainihin inda take.

Akwai ƙa'idoji biyu. Na farko, Apache na bin laƙabai bi da bi ne, wanda ya fara dacewa shi take ɗauka. Saboda haka a rubuta /fom/haraji kafin /fom. Na biyu, idan jakar tana wajen babban ma'ajin shafuka, lalle ne a ba da izinin shiga, in ba haka ba mai nema zai ga lamba 403, watau an hana.

Idan kuwa shafi ya ƙaura, umarnin Redirect ya kamata a yi amfani da shi. Lamba 301 na nufin ƙaura ta dindindin, 302 ta ɗan lokaci. Ofishin da ya sauya adireshi bai yi haka ba, ya bar duk wanda ya riƙe tsohon adireshi daga jarida ko rediyo da lamba 404, watau ba a samu ba.

TSARIN ASALI

Tsarin asali shi ne abin da uwar garke ke yi idan ba a gaya mata kome ba. Idan an rubuta sunan jaka kawai, takan nemi fayil mai suna index.html. In babu shi, kuma an bar zaɓin Indexes a buɗe, sai ta jera sunayen dukan fayilolin jakar ga duk wanda ya zo, har da waɗanda ba don jama'a aka ajiye su ba. Ya kamata a rufe wannan zaɓi.

Haka kuma, idan uwar garke ɗaya na ɗauke da shafukan hukumomi da yawa, Apache kan miƙa wanda aka fara rubutawa ga duk buƙatar da ba ta dace da kowane suna ba. Sai a lura da wanda ke kan gaba.

Masu buga Hausa su tabbata tsarin haruffa UTF-8 ne. In ba haka ba, ɓ da ɗ da ƙ kan rikiɗe su zama alamomi marasa ma'ana. Sa'an nan a juya baƙi daga ƙofa ta 80 zuwa ta 443, watau https, inda ake kulle saƙo kada wani ya karanta shi a hanya.

Bayan kowane gyara, a gwada da umarnin apachectl configtest kafin a sake tayar da manhajar. Jama'a kuwa su riƙa duba adireshi da kyau: shafukan gwamnatin Nijeriya da .gov.ng suke ƙarewa. Rigakafi ya fi magani.