Malam-buɗe-littafin da ke aron kayan mai dafi

Tun ina yaro nake bin babana kara, kuma a can na koyi cewa launin saniya gado ne: farar bunaji farin maraƙi take haifa, rahaji kuwa ja. Shi ya sa labarin nan ya tsaya mini a rai.

Kun san tumfafiya. Akwai malam-buɗe-littafi mai ruwan goro da baƙin gefe, masana na ce masa Danaus chrysippus, wanda tsutsarsa ke cin ganyenta. Dafin ganyen na zama a jikinsa har ya girma. Tsuntsun da ya ci shi sau ɗaya ya yi amai, ba ya sake kusantar mai irin launin.

To, a dazuzzukan Afirka akwai wani, Papilio dardanus, da ba shi da dafi ko kaɗan. Namijin ruwan ɗorawa ne, kamarsa guda. Matan kuwa kamanninsu sun fi goma, yawancinsu sun kwaikwayi masu dafi, har da na tumfafiyar nan. Tsuntsu ya gani ya kauce. Bature Henry Bates ne ya bayyana irin wannan dabara a 1862, bayan zamansa a dajin Amazon.

Ba wayo ba ne, gado ne. Wajen 1960, Cyril Clarke da Philip Sheppard a Ingila suka yi ta haɗa su barbara, suka gano cewa wuri guda a ƙwayoyin gado ne ke zaɓar kamar da mace za ta ɗauka. Namiji na ɗauke da shi, yana ba 'ya'yansa mata, amma a jikinsa ba ya fitowa. Kamar bijimi ne: ba a tatsarsa, amma 'ya'yansa mata kan gaji yawan nono ta wajensa.

A 2014 aka gano ƙwayar da ke wannan aiki a ɗan'uwansa na Asiya, Papilio polytes, sunanta doublesex. Yankin da take ciki a juye yake, shi ya sa zanen ke sauka ga 'ya'ya a dunƙule, ba ya gauraya. Rabin kama ba ta ceton rai.

Sai dai dabarar na da iyaka. Idan masu aro suka fi masu dafi yawa, tsuntsaye kan gane, su koma cinsu.

Don haka in za ka sayi bijimin barbara, kada ka tsaya ga fata da ƙaho. Tambayi uwarsa da 'yan'uwansa mata.