Nauyin Gindin Jirgi: Tarihin Pamir da Masu Mallakarsa

Jirgin ruwa mai filafilai, watau wanda iska ke turawa, kullum yana tsakanin ƙarfi biyu ne. Iska na dannan filafilansa daga sama tana neman ta kwantar da shi, nauyin da ke gindinsa kuwa shi ke tashe shi tsaye. Saboda haka ne masu jirage tun da can suke jibga duwatsu, ko yashi, ko ƙarfe a can ƙasa idan babu kaya. Sharaɗin wannan nauyi biyu ne: ya zauna ƙasa, kuma kada ya motsa.

Bari mu ɗauki Pamir, wanda aka ƙera a Hambug ta Jamus a 1905 domin kamfanin F. Laeisz. Jirgi ne da ya sha hannu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka miƙa shi ga Italiya a matsayin diyya, Laeisz ya sake sayensa a 1924, sa'an nan ya sayar wa Gustaf Erikson, mutumin Finlan, a 1931. Gwamnatin New Zealand ta ƙwace shi a 1941, ba ta mayar ba sai 1948. A 1951, ana gab da farfasa shi, wani Bajamushe mai suna Heinz Schliewen ya saye shi.

A nan ne aka taɓa gindinsa. A Kiel aka sa masa inji, aka kuma yi masa tankunan ruwa. Hikimar ita ce, maimakon a yi ta dakon yashi, sai a cika tanki da ruwan teku idan ana bukatar nauyi, a zuƙe idan an gama. Schliewen ya karye, jirgin ya koma hannun wata gidauniya ta masu jiragen Jamus, yana dakon hatsi yana kuma horar da samari aikin teku.

Ran 10 ga Agusta 1957 ya bar Buenos Aires da sha'ir tan 3,780, galibinsa a zube, ba cikin buhuna ba. Har babban tankin nan an cika shi da sha'ir. Duk wanda ya taɓa karkata kwanon gero ya san abin da hatsi a zube yake yi: gangarawa yake gefe guda, ba ya kuwa komowa. Kyaftin ɗin, Johannes Diebitsch, sabo ne a shugabancin jirgin, riƙo yake yi wa wanda ya saba da shi. Ran 21 ga Satumba guguwar Carrie ta riske su a Tekun Atlantika, kudu maso yamma da tsibiran Azores. Kaya ya gangara hagu, jirgi ya kwanta, ya kife. Cikin mutum 86, har da ɗalibai 52, shida kaɗai suka tsira.

Hukumar bincike ta Lubek ta ɗora laifi a kan lodin da kuma kyaftin, musamman rashin sakin ruwa cikin tankin. Wasu masana daga baya sun ce jirgin ya riga ya tsufa, tsatsa ta ci shi, gidauniyar kuma ba ta da kuɗin gyara. A ganina duka biyun suna da ƙamshin gaskiya, amma akwai shaida mai ƙarfi a ɓangaren hukumar. Makonni kaɗan bayan haka, Passat, wanda gidauniyar nan ce ke da shi, ya gamu da irin wannan hadari, sha'irinsa ya gangara. Kyaftinsa ya saki ruwa cikin tanki, sha'irin da ke ciki ya lalace, jirgin kuwa ya lallaɓa har Lisbon da mutanensa.