Goron sallah da aikin hannu: Yadda kyautar sallah ke sauyawa a ƙasar Dutse

A kwanaki goma na ƙarshen azumi turmi ba ya hutawa a gidajen Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Yayin da masallatai ke cika da masu sauraron tafsiri da masu tahajjudi, mata a cikin gida suna ɓarzar alkama, suna tankaɗen garin shinkafa, wasu kuma suna gaggawar ƙarasa hulunan da aka ba su aiki tun kafin a ga wata.

Kaso mai tsoka na abin da ake kyauta da shi ranar sallah a wannan yanki na tsakiyar jihar Jigawa daga irin waɗannan hannuwa yake fitowa. Sai dai tsadar rayuwa da kuma kayan kamfani masu araha suna rage wa aikin gida kasuwa, lamarin da ke taɓa aljihun matan da ba su da wata hanyar samun kuɗi sai sana'ar cikin gida.

Wajibi da al'ada

Kyautar sallah a ƙasar Hausa ba iri ɗaya ba ce, kuma ba duka ake kiranta kyauta ba.

Ta farko ita ce zakkar fidda kai, wadda addini ya ɗora wa magidanci: sa'i ɗaya, wato mudun Annabi huɗu, na abincin da aka fi ci a gari, a madadin kowane mutum da yake ciyarwa, kuma a fitar kafin a sauko daga idi. A ƙauyukan masarautar Dutse gero da dawa ne suka fi yawa a wannan awo, a cikin gari kuma shinkafa da masara.

Sauran kuwa al'ada ce ta wajabta su, kuma sau da yawa ba ta sassauci. Akwai kayan sallah da miji ke yi wa iyalinsa, da toshin da saurayi ke kai wa gidan budurwa, da kayan shan ruwa da ake aika wa surukai tun cikin azumi. Akwai tuwon sallah da ke zagaya maƙwabta a cikin kwanuka, kowane kwano kuma ba ya komawa gida fayau, ko dai a zubo wani abincin, ko a ba yaron da ya kawo tukuici. Sannan ga goron sallah, wanda a yau sunan goro kawai ya rage masa, domin kuɗi yara ke karɓa idan sun fita yawon barka da sallah.

Wannan musaya tsohuwa ce. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a ƙasar Zazzau aka kuma buga a 1954, ya nuna yadda mata ke ƙulla ƙawance da biki, kowace tana riƙe da lissafin abin da aka kawo mata domin ta rama idan lokaci ya yi. Har yanzu lissafin nan yana nan a zukata, ko da ba a rubuta shi ba.

Alkaki da nakiya

Jigawa na cikin jihohin da ke kan gaba wajen noman riɗi da zoɓo da alkama a Najeriya, kuma a can ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta na noman alkama na rani a watan Nuwamban 2023. Ba abin mamaki ba ne ke nan da kayan zaƙin sallah na yankin suka dogara da amfanin gonar da ke kusa.

Alkaki shi ne mai wahalar cikinsu. Ana ɓarza alkama ba tare da ta yi laushi sosai ba, a murza ta da mai, a kwaɓa da ɗan tsami, a rufe ta huta. Daga nan a mulmula, a naɗe, a soya a wuta marar ƙarfi, sannan a tsoma a cikin zuma ko sukarin da aka dafa da tsamiya ko lemun tsami. Idan kwaɓin ya yi ruwa sai ya wargaje a cikin mai, idan wuta ta yi yawa sai bayansa ya ƙone cikinsa ɗanye. Shi ya sa ba kowane gida ke yi ba. A unguwa akan sami mace ɗaya ko biyu da aka sani da shi, a kai musu alkama da mai da sukari, a biya su ladan aiki.

Nakiya kuwa shinkafa ce da ake jiƙawa a daka a soya garin, a haɗa da man shanu da zuma ko sukari da kayan yaji irin su citta da kanumfari da masoro, a kirɓa har ta kama jikinta. Takan yi watanni ba ta lalace ba, kuma wannan ne ya ba ta daraja tun zamanin fatake. Ita da alkaki da dubulan an fi saninsu a garar amarya, amma gidan da ke son fita kunyar suruki ko babban baƙo da sallah yakan nemo su. Masu ƙaramin ƙarfi sukan tsaya a cincin da kantun riɗi da gireba, a haɗa da zoɓo mai sanyi.

Sai dabino, wanda Dutse ta yi suna da shi. A garin ne cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, take da reshenta na binciken dabino, kuma kasuwar Shuwarin da ke ci ranar Litinin a kan hanyar Kiyawa ta shahara da cinikinsa. Duk da haka dabinon gida yana gogayya da wanda ake shigowa da shi ta Nijar da kuma na Saudiyya mai zuwa a kwali, wanda masu hali suka fi son bayarwa saboda kyan ido.

Hula da tabarma

Babu aikin hannun da sallah ke tayarwa kamar ɗinkin hula. Hula ɗaya takan bi ta hannu uku ko huɗu kafin ta hau kai: mai zane, da mai ɗinki, wadda sau da yawa matar aure ce ko budurwa a ƙauye, da mai haɗa kai, da mai wanki da guga wanda ke ɗora ta a kan gungume ya fito da siffarta. Mai ƙaramin aiki takan ɗauki kwanaki, mai cikakken aiki irin zanna bukar ko ƙube mai kyau kuwa takan ci makonni.

Matsalar ita ce mai ɗinkin ce ke samun mafi ƙanƙantar rabo. Dillali ne ke kawo zare da ƙyalle, shi ke yanke lada, shi kuma ya san farashin Kano. Ga kuma hular inji da ke kwaikwayon zanen hannu, wadda ake sayarwa a kan kuɗi kaɗan. Magidancin da ke da 'ya'ya maza biyar da zai saya wa hula ba ya buƙatar dogon tunani kafin ya zaɓa.

Haka abin yake ga masu saƙar kaba. Daga ganyen goriba ake samun tabarma da mafici da adudu, a kuma rina kabar a yi faifai mai launi wanda ake rufe ƙwaryar fura ko kwanon tuwon sallah da shi. Tabarmar roba ta ƙwace filin idi da zauren gida, domin ba ta jin ruwa kuma tana naɗuwa cikin sauƙi. Faifai ya fi tabarma sa'a, saboda matan birni sun mai da shi kayan ado suna rataya shi a bango.

Wani abin lura shi ne, waɗannan kaya sun daɗe da samun girmamawa a waje. A 1976 an baje kolin fasahar Hausawa a birnin Landan, a ƙarƙashin jagorancin David Heathcote wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma yi dogon nazari a kan ɗinkin riguna da huluna. A watan Disamban 2024 kuma hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano a jerin al'adun duniya da ake taskacewa. Kowane mahayi a irin wannan hawa, har da wanda Sarkin Dutse Hameem Nuhu Sanusi ke jagoranta daga fadarsa ta Garu, yana ɗauke ne da aikin dukawa da maƙera da masu ɗinkin riga, waɗanda ba safai ake ambatonsu ba.

Gyaran ɗaki

A da, idan sallah ta matso mata kan yi gayyar daɓe. A zuba tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa har ƙasa ta yi santsi. A shafe bango da farar ƙasa, a sauke jeren kwanuka da tasoshi a wanke su a mayar. Siminti da ledar ɗaki da tayil sun kusa kawar da daɓe a Dutse, garin da ya sauya kamanni tun da ya zama babban birnin jiha ranar 27 ga watan Agustan 1991. Abin da ya rage shi ne sabon labule da zanen gado, da turaren wuta da ake haɗawa a gida, da kuma lalle a hannu da ƙafa a daren jajibere.

Daga bakin uwa zuwa wayar hannu

Duk wanda ya duba littattafan girkin da ake samu a kasuwannin arewa zai ga wani giɓi. Najeriya ta daɗe da littafin girki na Turanci, tun daga na Miss Williams da aka buga a 1957, amma irinsu sun fi karkata ga abincin kudu, kuma suna awo da giram da ma'aunin zafin tanda. Ƙananan littattafan girke-girke na Hausa da ake sayarwa tare da littattafan soyayya na Kano kuwa, sun fi ba da ƙarfi ga abin da ake kira girkin zamani, irin su kek da sambusa da miyar kwai, domin shi amarya ke jin tsoron a ce ba ta iya ba. Alkaki da nakiya sukan sami 'yan layuka kaɗan, a ce a zuba mai daidai misali.

To wannan daidai misalin shi ne ilmin gaba ɗaya. Gwanar alkaki tana awo da gwangwani da ludayi da tafin hannu, tana gane kwaɓi ya yi ne daga yadda yake kama yatsa. Rubutu ba ya iya nuna wannan, amma hoto mai motsi yana iyawa. Shi ya sa shirye-shiryen girki na talabijin irin Akushi da Rufi na tashar Arewa24, da bidiyoyin YouTube da TikTok, da azuzuwan girki da ake biya a WhatsApp suka sha gaban littafi.

Su ma suna da nasu rauni. Yawancinsu a ɗakin girkin birni ake ɗauka, mai tandar gas da injin markaɗe, alhali matar da ke Miga ko Buji da itace da turmi take aiki. Kuma gwanayen asali, tsofaffin da ke ƙauye, ba su ne ke riƙe da wayar ba.

Lissafin aljihu

Rahoton talauci da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 ya sanya Jigawa cikin jihohin da fiye da kashi 80 cikin 100 na jama'arsu ke fama da talauci ta fuskoki da dama. Bayan haka ne aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, hauhawar farashin abinci kuma ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Sukari da man gyaɗa da fulawa, wato ginshiƙan kayan zaƙin sallah, duk sun tashi a lokacin. Gidaje da yawa sun rage yawan kwanukan da suke fitarwa, wasu kuma sun koma haɗa kuɗi su yi suya ɗaya su raba.

Hatta goron sallah yana da nasa ƙarin kuɗin. Yara sun fi son sababbin takardu, masu canji kuma sukan sayar da su da riba a bakin kasuwa, duk da cewa dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta cinikin takardar naira, ta kuma tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000, ko duka biyun.

Da babbar sallah lissafin yakan koma kan nama. Ana ci, ana sadaka, ana kyauta, abin da ya rage a soya ko a yi dambun nama da zai kai makonni, a ƙulla wa 'yan makaranta da dangin da ke nesa. Mazhabar Malikiyya ta hana mai layya sayar da nama ko fata, don haka fatun sukan tafi ga masallatai da ƙungiyoyin addini irin su Izala, wadda ke tattara su duk shekara, daga nan su bi hanyar 'yan kasuwa zuwa majemun Kano. Badukun ƙauye da ke ɗinka jaka da takalmi da kayan doki sai ya sake sayen fatar bayan ta zagayo.

Kalanda ma tana da hannu a ciki. A 2025 an yi ƙaramar sallah ranar 30 ga watan Maris, daidai lokacin girbin alkama da shigowar sabon dabino, babbar sallah kuma ta zo ranar 6 ga watan Yuni, lokacin da manomi ke neman kuɗin taki da iri. Da yake watan Musulunci na matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, nan da 2030 ƙaramar sallah za ta faɗo a farkon watan Fabrairu, alkama na gona ba a yanke ba. Masu alkaki za su dogara ke nan da ragowar ta bara, a kan farashin da ɗan kasuwar da ya ajiye ta ya yanke.