Hayaƙin Tirela a Kudancin Garin Kaduna: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Kayan da ke tasowa daga Legas ko Abuja zuwa Zariya da Kano, akasarinsu sai sun ratsa ta Gonin Gora, su hau titin Nnamdi Azikiwe, su wuce Tirkaniya da Nasarawa kafin su tsallake kogi. Ga kuma tankokin mai na hanyar Kachia, inda matatar da aka buɗe a 1980 take, da motocin tashar sauke kaya ta kan tudu da aka ƙaddamar a Kakuri a Janairun 2018. Kayan na masu shi ne, amma hayaƙin a nan yake zama.

Illar ba ta tsaya ga baƙin hayaƙin da ido ke gani yana fita daga salansa ba. Injin da ke shan man gas yana fitar da ƙwayoyin toka da suka fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Hanci ba ya iya tace su, sai su zarce can cikin huhu, wasu har su shiga jini. Su ne ke tayar da asma, su jawo tarin da ba ya jin magani, su ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa wannan hayaƙi yana haddasa sankarar huhu. A 2016 kuma alƙaluman hukumar suka sa Kaduna cikin birane biyar da iskarsu ta fi ƙura a duniya. Hazon hunturu da janareto da ƙona shara duk suna da hannu, amma manyan motoci na ƙara wa abin nauyi.

Wa ya fi shaƙa? Mai shayin da ya kafa tebur a gefen kwalta tun asuba, da yarinya mai tallar gyaɗa da ke ratsawa tsakanin motoci idan cunkoso ya kama, da bakaniken da ke kwance ƙarƙashin tirela inji na aiki. Yara sun fi cutuwa domin huhunsu bai gama girma ba, hancinsu ma ya fi na manya kusa da bakin salansa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, waɗannan mutane ba su da ko buhu ɗaya a cikin motar, amma daga aljihunsu kuɗin magani ke fita. Ga ƙarar hon da ke hana barci, ga kwalta da nauyi ke farfasawa.

Man kansa ma abin dubawa ne. A baya an daɗe ana shigo mana da gas mai sinadarin salfa har 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ba ta yarda ya wuce 10 ba. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da 50, saura a tabbatar da hakan a gidajen mai.

Layin dogo ya ratsa Kakuri tun zamanin Turawa, kuma jirgi ɗaya na iya ɗaukar kayan tireloli da dama. Kafin a kai ga mayar da kayan kan jirgi, a hana direbobi barin inji na aiki idan sun tsaya kusa da makaranta ko kasuwa, masu duba motoci su kama mai fitar da baƙin hayaƙi. Yaron da tari ya wuce masa mako biyu, ko ƙirjinsa ke fito da dare, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita cewa gidansu a bakin titi yake.