Haƙƙin Ma'aikaci a Wudil: Doka Tana Nan, Takarda Ce Babu

A ƙarshen watan Oktoban 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya amince da naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin ma'aikatan jihar. Ya ɗora dubu ɗaya ke nan a kan naira 70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin shekarar. A Wudil labarin ya faranta ran malamin firamare da ma'aikacin asibiti da na sakatariyar ƙaramar hukuma. Sai dai duk wanda ya san garin ya san ba su ne mafi yawan masu cin guminsu ba.

Wudil gari ne na aikin ƙarfi. Akwai masu haƙar yashi a kogi da masu loda shi a tifa da shebur, a kai Kano a yi gini. Akwai kara ta ranar Juma'a, inda 'yan lodi ke cusa shanu a tirela zuwa kudu, 'yan dako kuma suna ta kai da kawo tun hantsi har duhun magariba. A bakin titin Kano zuwa Maiduguri ga gidajen mai, ga gidajen burodi, ga masu abinci. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka buɗe a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022, da Makarantar Horar da 'Yan Sanda da ke nan tun 1996, sun jawo gidajen haya da shaguna da makarantun kuɗi, kowanne da masu yi masa aiki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba sa cikin tsarin da hukuma ta sani. Ba sai an yi wa ɗan Wudil dogon bayani a kan wannan ba.

Dokar mafi ƙarancin albashi da kanta ta tsallake waɗannan mutane. Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ba ta hau kan mai aikin kamasho, ko wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi, ko mai aikin da ke zuwa da lokaci irin na gona ba. To gidan burodi nawa ne a Wudil ke da mutum 25 a rubuce? Makarantar kuɗi nawa? Malamar da ke koyar da aji biyu tun safe har azahar, a ba ta abin da bai kai rabin naira 70,000 ba, mai makarantar bai karya wannan doka ba idan ma'aikatansa 18 ne. Wannan giɓi ne babba, kuma a ganina shi ya fi cancanta ƙungiyoyin ƙwadago su sa a gaba, fiye da jayayya a kan adadin da yawancin talakawa ba za su taɓa gani ba.

Amma kuskure ne a ɗauka cewa ƙaramin ma'aikaci ba shi da komai a doka. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda ta samo asali tun shekarun 1970, domin leburori da ƙananan akawu aka rubuta ta, ba domin manajoji ba. Ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda kafin wata uku su cika, a rubuta irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da hutu, da yadda za a rabu. Ta ce kada biyan albashi ya wuce wata ɗaya. Wanda ya yi awa shida yana aiki yana da hutun awa ɗaya, yana kuma da yini guda a kowane mako. Wanda ya shekara yana da hutun kwanakin aiki shida da albashinsa, da kwana 12 na rashin lafiya idan likita ya tabbatar. Sallama ma tana da ƙa'ida: sanarwar yini ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye. “Daga gobe kada ka dawo” ba ta cikin doka ga mutumin da ya shekara bakwai yana zuba mai a tankin jama'a.

Duk waɗannan haƙƙoƙi a kan takardar farko suke tsaye. Idan babu ita, ranar da rigima ta tashi sai maganarka da ta maigida, kuma an san ta wanda ake ɗauka.

A nan ne al'adarmu ke shigowa, kuma ba na son a yi mata rashin adalci. Tsarin maigida da yaronsa ya rufa wa dubban mutane asiri a ƙasar Kano. Maigida na kirki yana ciyar da yaronsa, ya yi masa magani, ya tsaya masa a aure, daga ƙarshe ya yaye shi da jari. Manyan 'yan kasuwa da dama ta wannan hanya suka tashi. Akwai abin da maigida ke yi wa yaro wanda babu kamfanin da zai rubuta a littafin ƙa'idojinsa. Matsalar ita ce, duk alherin yana rataye ne a halin mutum ɗaya. In ya rasu, magada ba su san alkawarin ba. In kasuwa ta juya, yaron da ya ba da ƙuruciyarsa sai ya tashi a tutar babu. Kuma kunya tana hana magana. Yaro ya ce “Alhaji, a rubuta mini” sai a ji kamar ya zargi amanar maigidansa. Alhali mu ne mutanen da addininmu ya koya mana rubuta bashi da kafa shaidu, ba don ana zargin kowa ba, sai don ɗan Adam mai mantuwa ne kuma mai mutuwa. Ladan aiki ma bashi ne a wuyan mai ɗaukar aiki har sai ya biya.

Inda rashin tsari ya fi ciwo shi ne ranar tsautsayi. Gaɓar yashi tana ruftawa, sa yana tunkuyi, injin niƙa yana cin yatsu. Abin da aka saba shi ne a kai mutum asibiti, maigida ya ba da abin da ya sawwaƙa, abokan sana'a su yi karo-karo, a ce Allah Ya kiyaye gaba. Ƙalilan ne suka san Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma haramun ne ya cire shi daga kuɗin ma'aikaci. Abin da ya sa dokar ta dace da wuri irin Wudil shi ne, ta ambaci wanda aka ɗauka da baki, da na wucin gadi, da mai koyon sana'a. Wanda yake biyan ma'aikatansa naira 500,000 a wata, naira 5,000 ce ta hau kansa. Kuɗin bai kai na jinyar karaya ɗaya ba.

Kada kuma a zaci manyan kamfanoni masu ofis da littafin ƙa'idoji sun tsira. A watan Yunin 2020 'yan sandan Kano suka shiga kamfanin sarrafa shinkafa na Popular Farms da ke Challawa, suka ce sun fito da ma'aikata 126 da aka hana fita tun ƙarshen watan Maris, lokacin kullen korona. An kama wasu manajoji. Wannan ya faru a unguwar masana'antu, a cikin birni, wata uku ba wanda ya leƙa. Ina ga wurin da jami'in duba ma'aikata bai taɓa takawa ba?

Dabarar da ta zama ruwan dare a ƙasar nan ita ce ɗaukar mutane ta hannun ɗan kwangila. Masu shara, masu gadi, direbobi, masu lodi, duk suna aiki a harabar kamfani amma a takarda ba nasa ba ne. Kyawawan manufofin da aka rubuta game da fansho da hutu da asibiti sai su tsaya a kan 'yan ƙalilan na ofis. Dokar Fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci kashi 8, amma mai gadin da ya shekara goma a bakin ƙofa ɗaya yana iya tafiya ba shi da ko asusun. Ni a wurina, manufar kamfani ba a auna ta da abin da manaja ke samu. A tambayi wanda ya fi kowa ƙaramin albashi a harabar. Duk kamfani ko cibiyar da ke ba da kwangila tana da ikon sa sharaɗi: ba za a biya ɗan kwangila ba sai ya nuna takardun mutanensa da shaidar ya biya su. Haka kamfanin ginin da ke sayen yashin Wudil tifa-tifa yana da bakin tambayar halin da masu haƙo shi ke ciki.

Maganar daidaito kuwa, mata suka fi ɗanɗana rashinsa. Doka ta ba mai ciki hutun mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a aikin, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a yini. Amma abin da mata da yawa ke tsoro shi ne su dawo daga wankan jego su tarar da wata a kujerarsu. Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya yi maganar albashi ɗaya ga aiki ɗaya, sashe na 42 ya hana wariya saboda jinsi ko addini ko ƙabila ko asalin gari. Dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati. Wudil mahaɗa ce ta baƙi, da ɗalibai da fatake daga ko'ina, don haka tambayar “ɗan ina ne?” kafin a ba mutum aiki ba ta dace da garin ba.

Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin waɗannan shari'o'i, tana da reshe a Kano, kuma tana iya dogara da yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Nijeriya ta amince da su. Amma ɗan lodi ba zai bar aikin yini ya ɗauki lauya a kan ladan mako biyu ba. Mafita mafi kusa tana hannun shugabannin da yake gani kullum: sarkin kasuwa, shugabannin dillalai, ƙungiyar direbobin tifa, ƙungiyar masu gidajen burodi, ta masu makarantu. Su ne suke sasanta rigima tun asali, kuma ana jin maganarsu. Babu abin da zai hana kowace ƙungiya ta buga takarda mai shafi ɗaya da Hausa, da boko ko da ajami, mai ɗauke da suna, da irin aiki, da lada, da ranar biya, da wanda zai ɗauki jinya idan an ji rauni. Maigida ya sa hannu, yaro ya sa, shaidu biyu su sa, a ajiye kwafi ɗaya a ofishin ƙungiya.