Bayan Tashe: Abin da Ke Hana Taurarin Talabijin Maimaita Nasara

A shekarar 1980 ne Hukumar Talabijin ta Nijeriya, NTA, ta fara nuna wasan kwaikwayon nan mai suna Cock Crow at Dawn, wanda aka riƙa ɗauka a yankin Jos bisa jagorancin Peter Igho. Bankin UBA ne ya ɗauki nauyinsa, da nufin jawo hankalin jama'a ga noma a zamanin shirin bunƙasa aikin gona na gwamnatin Shehu Shagari. Labarin wani magidanci ne, Bello, wanda ya kwashe iyalinsa daga birni ya koma ƙauye ya rungumi noma. Kafin a kammala shi an nuna kashi fiye da 100, kuma sunayen Bitrus da Gaga sun shiga bakin yara da manya daga Sakkwato har Fatakwal.

Sadiq Daba, wanda ya fito a matsayin Bitrus, ya ci gaba da aikinsa a NTA shekara da shekaru, amma sai a 2014 ya sake samun rawar da ta kai ta farko amo, lokacin da Kunle Afolayan ya ba shi matsayin Sufeto Danladi Waziri a fim ɗin October 1. Rawar ta ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa ta AMAA a 2015. Tsakanin nasarar farko da ta biyu, fiye da shekara 30 ke nan. Da rashin lafiya ta kama shi daga 2017, sai da aka yi ta neman gudummawar jama'a domin jinyarsa, har ya rasu a watan Maris na 2021. Shi kuwa Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, duk da rawar da ya taka a Magana Jari Ce da sauran wasanni, da yawa daga masu kallo a kudancin ƙasar nan da Gaga kaɗai suka san shi.

Galibi akan ɗora irin wannan a kan rashin sa'a ko raguwar basira. Bisa ma'aunin tattalin arziki, lamarin ya fi kama da na ɗan kasuwar da ya zuba dukkan jarinsa a injin da kaya iri ɗaya kawai yake iya sarrafawa. Jarin ɗan wasa shi ne fuskarsa da muryarsa. Idan wasa ya karɓu ƙwarai, masu kallo sukan ɗaure fuskar da suna guda, ta yadda duk furodusan da ya ɗauke shi a sabon wasa tamkar ya sayo tsohon suna ne ya liƙa a sabon labari. Mai talla, wanda shi ne ke biyan kuɗin, ba ya son wannan kasada. Usman Baba Pategi ya fahimci hakan, ya zauna a rigar Samanja har ƙarshen aikinsa, kamar yadda Chika Okpala ya riƙe Zebrudaya na New Masquerade ya ci gaba da cin moriyarsa a tallace-tallace. Wannan dabara ce mai kyau, amma tana aiki ne ga wanda sunan ya zama nasa. Ga mafi yawan 'yan wasa, sunan da labarin da faifan duk mallakar tasha ne.

Sai kuma yanayin kasuwar kanta. Daga kafa NTA a 1977 zuwa 1992, gwamnatin tarayya da na jihohi ne kaɗai ke da tashoshin talabijin. Inda mai saye ɗaya ne, shi ke yanka farashi, kuma ɗan wasan da ya ƙi tayinsa ba shi da wata rumfar da zai kai hajarsa. Wannan rashin gasa shi ne kuma ya sa wasannin wancan zamani suka yi tashen da suka yi, domin da an kunna akwati da dare, shiri guda ƙasa baki ɗaya ke kallo. Da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, kuɗin shirya wasa ya hau, kamfanoni suka tsuke kasafin talla. Doka mai lamba 38 ta 1992 ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, masu kallo suka rarrabu. Saboda haka ɗan wasan da ake jira ya maimaita nasarar 1980, ana neman ya yi ta ne a kasuwar da babu ita kuma.

Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka sauya kasuwa da wuri. A 1992 Kenneth Nnebue ya fitar da Living in Bondage a kaset ɗin bidiyo, da 'yan wasa irin su Kanayo O. Kanayo da Bob-Manuel Udokwu, waɗanda aka sani a wasan Checkmate na Amaka Igwe. Richard Mofe-Damijo ma daga Ripples da Checkmate ya tsallaka. A kasuwar bidiyo masu saye suna da yawa, kuma sunan ɗan wasan na ainihi ake bugawa a jikin kwali, shi ne ke sayar da kaset.

Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A Amurka, bayan an rufe Seinfeld a 1998, sababbin wasannin da Michael Richards da Jason Alexander suka jagoranta ba su kai ko'ina ba, har 'yan jarida suka riƙa kiran abin la'ana. Wasan Joey, wanda aka gina kan Matt LeBlanc bayan Friends, an dakatar da shi a 2006 bayan zango biyu. Bambancin yana ga aljihu. Taurarin Friends shida sun karɓi dala miliyan 1 kowannensu a kan kowane kashi a zango biyu na ƙarshe, sannan yarjejeniyar ƙungiyar 'yan wasa ta tanadi a biya su ladan maimaici duk lokacin da aka sake nuna aikinsu. Kan wannan lada ne, musamman a dandalin kallo ta intanet, 'yan wasan Amurka suka yi yajin aikin kwana 118 a 2023. A nan gida, al'adar da aka gada ita ce a biya ɗan wasa sau ɗaya, ko albashi in ma'aikacin tasha ne, a rufe littafi.

Ga 'yan kasuwar da ke ɗaukar nauyin wasanni masu dogon zango a yau, irin su Daɗin Kowa da Labarina, wannan batu ne na riba da asara. Ɗan wasan da ya san babu abin da zai same shi bayan an rufe shiri zai nemi kuɗi mai yawa tun farko, ko ya fice a tsakiyar labari da zarar an yi masa tayi mafi tsoka, kuma mai talla ne ke asarar masu kallon da suka bi shi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, ta faɗaɗa kariyar da ake ba masu wasa a kan ayyukansu da aka naɗa. Sai dai ko nawa ɗan wasa zai samu idan aka sake nuna wasan a wata tasha ko aka ɗora shi a YouTube, wannan yana ga takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu ranar da aka ɗauke shi aiki.